Ni Na Koma Hannun Hagu

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu. Sunana Iliya, makanike a Unguwar Rogo. Ban yi boko mai nisa ba, yadda zan faɗa da baki haka na rubuta. Masu cewa "wannan mashayin ne zai ba da shaida?" na ji ku. Ku bari in gama, sa'an nan ku ci gaba da gulmarku.

Shekarar da soja suka mayar da tuƙi hannun dama, kuɗin mai ya fara haukata mutane. Wani Alhaji ɗan kwangila da nake yi wa gyara ya je Kudu ya ga ana tseren mota, ya dawo ya sayi ƙananan motoci biyu. Muka cire kujerun baya, muka yi waldar ƙarafa a ciki, muka ƙara wa inji wuta. Direba ɗaya yake so ya tura tsere, da albashi. Mu biyu muka nema, ni da Bitrus, mijin ƙanwata Ladi.

Na yi shekara goma sha biyu ina jan babbar mota a hannun hagu. Bitrus kuwa bai daɗe da samun lasin ba. Na raina shi ƙwarai.

Ranar gwaji Alhaji ya kai mu bayan gari ya ce, "Ku tahi bakin gada ku juyo. Wanda yar riga isowa, shi ad da mota. Ba ni son surutu."

Ban kai gada ba na hango Bitrus har ya juyo. Zuciya ta ɗebe ni, na take totur. Da na sha kwana, hannuna ya koma inda ya saba. Na shiga hagu, gaba da gaba da shi. Ya kauce don kada mu haɗu, motarsa ta faɗa kwazazzabo. A asibiti aka yanke masa ƙafar dama.

Ba wanda ya gani. Yana kwance bai san inda yake ba na gaya wa 'yan sanda shi ya manta sabon hannu. Suka karɓe lasinsa. A nan majami'ar kuka riƙa ce masa mai ganganci, ni kuma kuna yi mini barka da arziki.

Alhaji ya ba ni aikin. Tsere ɗaya na je, inji ya ƙone a hanya. Alhaji ya gaji ya koma harkar siminti. Wannan ne abin da na sayar da surukina a kai.

Na tsani Bitrus. Na tsani ƙarar sandarsa a bakin ƙofar majami'a. Na tsani yadda yake ce mini "Yaya, ina kwana" kamar ba komai. Shekara takwas ban ci Jibin Ubangiji ba, burukutu nake sha.

Makon jiya da rana tsaka Ladi ta zo gareji ta ce, "Yaya, surukinka ba lafiya, yana nemanka." Na ce ni ba likita ba ne, ta ba ni wuri. Da ta tafi na koma ƙarƙashin mota, sai na ajiye sifana na fara addu'a. Ban iya addu'a mai tsari ba. Cewa na yi, "Ubangiji, na gaji. Ko ka kashe ni, ko ka buɗe mini baki."

Ya buɗe. Ko hannu ban wanke ba na tafi gidansu a Runjin Sambo. Na tarar da Bitrus kwance kusa da keken ɗinkinsa. Na ce, "Ni na shiga hannunka."

Ya ce, "Na sani. Ai ina cikin motar."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Ladi ta samu gurgun miji, sai kuma in tura wanta gidan yari?"

Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Yau kam a'a. Inda aka ɓata sunana, can za ka je ka gyara shi."

Shi ya sa na tsaya gabanku. Bitrus bai manta hannu ba. Ni ne. Ku da kuka zage shi, ku ma kun san gidansa.

Na gode wa Allah da ya raba ni da wannan ƙarya kafin ta kai ni kabari. Mai irin kayana a cikinku, ya dogara ga Yesu ya sauke, tun wanda ya cuta yana da rai. Amin.