Motar Adabraka Ta Tafi

"Wai hira tana canza tunanin mutum? Haba 'yar'uwa, abin da kike karanta a jami'ar Legon ke nan?" in ji saurayin da ke gabana ga wata ɗaliba a layin motar trotro na Kawukudi.

"Shi ne," in ji ɗalibar. "Ba wanda yake fita daga hira yadda ya shiga."

"Kullum muna shan ataya muna surutu, ni ban canza ba."

"To me ya sa motar Adabraka ta cika ta tafi kana tsaye? Ba kai ka ce ka makara zuwa shago ba?"

Ya waiga, ya fashe da dariya.

"Wallahi ko kiran yaron motar ban ji ba. Ko sunanki ma ban tambaya ba tukuna. Shago ya jira, motar Legon zan shiga!"