Fentin Auta Bai Ɓare Ba

YAYA: Salamu alaikum. Auta? Yau kuma da rana tsaka?

AUTA: Wa alaikumus salam. Yaya, ina wuni?

YAYA: Lafiya lau. Ya aiki, ya gajiya?

AUTA: Ba gajiya. Ya yara? Ya babansu?

YAYA: Duk lafiya, suna makaranta, shi kuma ya fita tun safe.

AUTA: Ya jikin Umma?

YAYA: Da sauƙi, alhamdu lillahi. Tana ɗaki ta ɗan kishingiɗa. Hannun ne dai sai a hankali, yau karkarwar ta motsa sosai, a baki na ba ta shayi. Wai ke gudu kika yi ne? Sai haki kike.

AUTA: Matakalar bene na sauko. Ba a shiga ɗakin gwaji da waya, ko safar hannu ban cire ba na fito. Yaya, bai ɓare ba!

YAYA: Me?

AUTA: Bai ɓare ba! Wallahi ko tsagewa bai yi ba!

YAYA: Ke, muryarki na tafiya tana dawowa. Wa ya ɓare?

AUTA: Tsaya in matsa bakin taga. Kina jina yanzu?

YAYA: Yauwa, yanzu na ji ki raɗau. Ba ni in sha.

AUTA: Fentina, Yaya! Fentin da nake ta fama da shi tun zuwana nan.

YAYA: Wannan na robar? Wanda kika kira ni kina kuka a kansa bara?

AUTA: Ban yi kuka ba.

YAYA: Har da majina. To yi mini bayani daga farko, don wallahi duk wanda ya tambaye ni aikinki cewa nake kina wajen likitoci, in ja bakina in yi shiru.

AUTA: Kin san masu ciwon karkarwa irin na Umma, akwai waɗanda ake yi wa tiyata a sa musu siririn ƙarfe a cikin ƙwaƙwalwa, yana tura wutar lantarki 'yar kaɗan, hannun ya lafa?

YAYA: Wanda kika nuna mini a bidiyo, dattijon nan da ya kasa ɗaukar kofi, aka kunna abin ya sha ruwa da kansa.

AUTA: Shi. To ƙarfe abu ne mai tauri, ƙwaƙwalwa kuwa laushi gare ta. Jiki ba ya son baƙo, sai ya yi ta naɗe ƙarfen da tabo, wutar ta riƙa wucewa da ƙyar. Shi ne muke shafa wa bakin ƙarfen wata irin roba mai laushi.

YAYA: Tsaya, tsaya. Ba roba ake naɗe wayar wuta da ita don kada ta ja mutum ba?

AUTA: Waccan daban. Tamu wuta tana bi ta cikinta.

YAYA: Roba?

AUTA: Roba! Shuɗiya ce mai duhu, kamar ta yi baƙi. Ba ma da buroshi ake shafawa ba. Sai ki tsoma ƙarfen cikin ruwan magani, ki sakar masa wuta, kina kallo tana hawa kansa da kanta.

YAYA: Ikon Allah! To me ya sa ki kuka?

AUTA: Ɓarewa take yi. Ki wahala ki shafa, ta yi kyau, bayan ɗan lokaci ta fara tashi daga gefe, irin na fentin bangon banɗakinmu. To a bango an ce a sake shafawa. A cikin kan mutum fa?

YAYA: A'uzu billahi. Kuma ya kuke sanin za ta ɓare? Ba dai a kan mutane kuke gwadawa ba?

AUTA: Haba Yaya! A ruwan gishiri muke jiƙa su, irin gishirin da ke jikin mutum, mu rufe a kwalba mu sa a cikin wani akwati mai zafi, wuta na bugunsu dare da rana. Zafin yana sa su tsufa da wuri. Abin da zai yi shekaru a jiki, a akwatin nan watanni ne.

YAYA: Wato dafa su kuke yi.

AUTA: Kusan haka.

YAYA: Ke da ko ƙwai ba ki iya dafawa ba.

AUTA: Yaya, ki bari in ƙarasa mana! Wannan karon sai na fara kankare ƙarfen ya yi kaushi, na sa shafi ɗaya siriri ya kama tukuna, sannan na ɗora na biyu a hankali. Abokan aikina har dariya suka yi mini, wai ina ɓata lokaci. Yau da safe aka buɗe akwatin. Wallahi don zumuɗi na kasa ma saita madubin da muke duba ƙananan abubuwa da shi, sai Farfesa, shugabar aikinmu, ta ture ni ta zauna.

YAYA: Farfesar nan da kika ce ba ta dariya?

AUTA: Ita. Ta duba na farko. Ta duba na biyu. Ta ce a gwada wutar. Aka gwada, tana wucewa kamar ranar da na shafa. Sai ta cire tabarau ta ce, wa ya shafa waɗannan? Alhali ta sani! Yaya, rungume ni ta yi a gaban kowa!

YAYA: Kai! Kai! Tubarkalla masha Allah! Autarmu! Wallahi ba don Umma na barci ba da na rangaɗa guɗa har maƙwabta su leƙo. Allah ya jiƙan Abba, da yana nan yau da unguwar nan ba wanda zai huta da labari.

AUTA: Amin. Ni tun ɗazu bakina ya ƙi rufuwa.

YAYA: Dole! To alhamdu lillahi, an gama lafiya. Dama kin ce ana kammala gwajin nan za ki dawo gida. Ni ma ina da nawa albishir ɗin. Na je wajen shugaban makarantarmu, ya ce ajina yana nan, in dai zan koma farkon zangon nan. Ya ce ya riƙe mini gurbin iya riƙewa, daga wannan sai dai ya ɗauki wata malamar. Na ce masa ƙanwata na hanya, ita za ta karɓi jinyar Umma da rana. Har ɗakinki na share, na fitar da keken ɗinkin nan da ya tare ƙofa.

AUTA: Yaya...

YAYA: Labule ne kawai ban canza ba, na ce ki zo ki zaɓa da kanki, tunda ke komai sai kin ce bai yi ba.

AUTA: Yaya, ki saurare ni.

YAYA: Ina ji. Layin ne ya sake yankewa?

AUTA: A'a, layi lafiya lau. Da ya ɓare, da an rufe aikin, da na taho.

YAYA: To ai bai ɓare ba.

AUTA: Shi ya sa.

YAYA: Ban gane ba. Ki daina yi mini kwana-kwana, Auta.

AUTA: A akwatin akwai na mutum uku. Duk hanyata muka bi, Farfesa ce ta sa na nuna musu. Nasu ya tashi daga gefe, nawa ne kaɗai ya tsaya. Farfesa ta ce akwai abin da hannuna yake yi da ni kaina ban san ina yi ba, kuma sai an gano shi, don abin da mutum ɗaya kaɗai ya iya ba zai taɓa zuwa asibiti ba. Bayan nan a gwada a jikin ɓeraye. Tana so in zauna in ja aikin.

YAYA: Har yaushe?

AUTA: Shekara uku.

YAYA: Uku.

AUTA: Yau take son amsa, kafin a tashi.

YAYA: To tsaya in tambaye ki. In an gama, Umma za a sa wa?

AUTA: Kin san likita ya ce zuciyarta ba za ta ɗauki tiyata ba. Kuma ko bayan ɓerayen da sauran tafiya mai nisa. Ba zan yi miki ƙarya ba, Umma ba za ta same shi ba.

YAYA: Wato iyayen wasu za ki zauna yi wa aiki, taki uwar tana nan ana ba ta shayi a baki.

AUTA: Yaya, don Allah.

YAYA: A'a, bari in faɗa. Kin san rabona da barci mai daɗi? Kin san sau nawa nake canza mata zane in ruwa ya zube mata? Ban taɓa yi miki ƙorafi ba, don na san akwai ranar da za ki dawo. Ita nake ta hange.

AUTA: Na sani. Ko a samo mai kula da ita da rana...

YAYA: Mun gwada, kin manta? Wuni ta yi ba ta ci komai ba, wai ba za ta buɗe baki a gaban bare kamar jaririya ba.

AUTA: To zan ce mata a'a. Wallahi in kika ce in taho, zan hau yanzu in gaya mata. Shi ya sa na kira ki kafin kowa.

YAYA: Ki taho ki yi me? Ki zauna kina kallon hannun Umma yana rawa kina tuna abin da kika baro a kwalba? Na san ki fa. Wata guda za ki yi ki fara ramewa, in koma jinyar mutum biyu.

AUTA: Makarantarki fa?

YAYA: Gobe zan je in ce masa ya ɗauki wata.

AUTA: Yaya...

YAYA: Kada ki yi mini kuka, ni ya kamata in yi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba, kuma zai daɗe bai huce ba. Amma wallahi ina alfahari da ke, har ban san inda zan sa kaina ba. Hau ki ce mata eh, tun kafin in sake tunani.

AUTA: Allah ya saka miki da alheri, Allah ya...

YAYA: Ajiye addu'ar tukuna, da sharaɗi. Ba ni zan gaya wa Umma ba. Kullum ni ke kai mata labarin da ba ta so, wannan naki ne. Ga shi ma hayaniyata ta tashe ta, ina jin tana kira. Na'am, Umma! Ina zuwa! Auta ce!

AUTA: Yaya, tsaya! Ba yanzu ba, bari in shirya abin da zan ce, zan kira da yamma...

YAYA: Umma, ga ta. A'a, bari in riƙe miki a kunne. Yi magana, tana ji.

UMMA: Auta? Autata ce?

AUTA: Na'am, Umma. Ina wuni? Ya jiki?

UMMA: Jiki ya yi sauƙi tunda na ji muryarki. Na jiyo yayarki tana ta tubarkalla, na ce to, yarinyata ta gama. Allah ya yi miki albarka.

AUTA: Amin, Umma. Umma, dama...

UMMA: Ɗaga murya, 'yar nan, ba na jin ki sosai. Wace rana za ki iso?