Ranar Da Na Yi Wa Surukina Wankan Fetur

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa. Direba ne ni daga Kurfi. Na cire wa motata kafireta na sa injekta, na ɗaure tsohon tiyon mai da robar tayar keke yadda muka saba. Surukina ya zo sa albarka. Ina tayar da mota tiyon ya fizge, fetur ya jiƙe masa babbar riga sharkaf!

Oga Yohanna, bakanike a Dutsin-Ma, ya ce, "Malam, famfon injekta ƙarfi gare shi. Sai tiyo mai kauri da maɗaurin ƙarfe."

Alhamdulillahi, yanzu mota gudu take kamar sabuwa. A gaishe mini da Oga Yohanna, da surukina, wanda ya ce nan gaba daga nesa zai riƙa sa albarka.