Mota Ɗaya Zuwa Argungu

A tashar Birnin Kebbi, Labbo na jiran motar Argungu, sai wani dattijo ya ƙare wa tsawonsa kallo.

"Dogo, kai ma ƙwallon kwando kaka yi?"

"Da can, Baba. Shekara tara ina yi wa Sakkwato wasa, har gwiwa ta ƙare. Yanzu horar da samari nika yi."

"To ka ji tsoron Allah. Wani irinka yas sa ɗana Hodi wasa da kumburarrar ƙafa. Yau ko fadama ba shi iya shiga."

"Wataƙila shi ma mai horon haka anka yi mai."

"Sai ya rama ga ɗan wani?"

Labbo ya tura usur ɗinsa cikin riga. Shi ne ya sa Hodi wasan nan. Duba shi za shi, kuma mota ɗaya za su shiga da dattijon.