Lemon Tsami a Jikin Tirelar Baba

RAELENE: Alo? Baffa Merv?

MERV: Wa ke nan? Idan masu tallan inshorar jana'iza ne, na gode, ban shirya ba tukuna.

RAELENE: Ni ce, Baffa, Raelene.

MERV: A'a, 'yar Stan! Ina wuni?

RAELENE: Lafiya lau. Yaya jiki? Yaya ƙugun?

MERV: Tun da aka sa na ƙarfe ya fi ni lafiya. Yaya gida?

RAELENE: Lafiya. Suna dai kula da kai a gidan tsofaffin?

MERV: Sosai. Yau sun ba mu wani abu suka ce kaza ce, ban musa ba. Yaya mijinki? Har yanzu Darryl na gyaran abubuwan da ba su lalace ba?

RAELENE: Yana nan. Baffa...

MERV: Ruwan sama fa? Na gani a talabijin kun ɗan samu.

RAELENE: Ɗan samu? Baffa, kogi ya sake tasowa! Masu agaji sun bi gida gida, sun ce kafin ƙarfe huɗu kowa ya hau tudu.

MERV: Yanzu uku saura. To me kike yi a waya kina tambayar ƙuguna?

RAELENE: Tirelar Baba ce. Ƙaramar nan da ake kwana a ciki, wadda mota ke ja, mai kamar ƙwai.

MERV: Tana nan da ranta?

RAELENE: A cikinta muke kwana! Wata biyar ke nan, tun da ambaliyar farko ta cika gidan da laka. Ita kaɗai ta rage mana. Ɗazu Darryl ya ɗaura ta a mota, ya ja ko taku goma bai yi ba, sai jikinta ya tsage ta gaba, wajen ƙarfen da ake jan ta da shi. Idan muka hau titi haka, rabewa za ta yi biyu.

MERV: Shi kuma me ya ce?

RAELENE: Ya aro kayan walda na gas, zai liƙe tsagar. Ya ce alminiyam ne, minti goma ya gama. Ni kuma na tuna Baba bai taɓa yarda a kunna ko murhun gasa nama kusa da ita ba. Bai faɗi dalili ba har ya rasu. Da me ya yi ta, Baffa?

MERV: Ina bakin aiki a garin Darwin lokacin da ya ƙera ta. Abin da na sani, a gwanjon filin jirgi ya sayo fallayen jikinta, bayan yaƙin duniya... Alo?

RAELENE: Ina ji! Gwanjon me?

MERV: Filin jirgin sama. Ya saya da araha har yana alfahari. Ni kuwa shekara talatin da takwas ina gyaran jirage, arahar filin jirgi ba ta cika burge ni ba. Ƙwanƙwasa jikinta in ji.

RAELENE: Ka ji?

MERV: Na ji kamar ana soya ƙwai, amma wannan layin ne. Katako ne ko robar faiba?

RAELENE: Ƙarfe ne, tsagar tana ƙyalli.

MERV: Akwai maganaɗisu kusa?

RAELENE: Akwai na jikin firij. Tsaya... Ya faɗi. Ba ya kamawa. Alminiyam ne ke nan? Darryl ya yi gaskiya?

MERV: Zai yiwu. Komai yana da ranar farko. Kina da ruwan khal?

RAELENE: Baffa, kicin ɗina gaba ɗaya yana teku tun watan Maris!

MERV: Lemon tsami fa?

RAELENE: Lemon... akwai yanki ɗaya cikin takardar da aka naɗo mana kifi da dankali jiya. Darryl! Kada ka kunna! Ka ba ni minti biyu! Da Baffa nake magana!

MERV: Gaishe shi. Ki samu wuƙa ki kankare fenti, kamar faɗin kwabo, har sai ƙarfen ya fito fes. Sai ki matsa lemon a kai.

RAELENE: Na kankare. Na matsa.

MERV: Me kika gani?

RAELENE: Kumfa. Ƙanana ƙanana, kamar an buɗe kwalbar lemo. Wurin yana yin baƙi.

MERV: Hmm.

RAELENE: Mene ne hmm? Baffa, mene ne hmm?

MERV: Alminiyam ba ya kula lemon tsami. Wannan wani ƙarfe ne daban, maganiziyam. Yana da kyau, ba nauyi, shi ya sa ƙaramar motar Stan take jan ta. Aibinsa ɗaya, idan ya kama wuta ba ya son a katse shi.

RAELENE: Darryl ya ajiye bokitin ruwa biyu a gefe.

MERV: Ya kyauta. Ruwa ƙara masa ƙarfi yake yi. Busasshen yashi ake zubawa.

RAELENE: Busasshe? Ko gashin kaina ba busasshe ba ne! Wayyo ni. Tukunyar gas ɗin girki ma a nan gaban take, daf da tsagar. Darryl! Ajiye abin nan! Ajiye, na ce! Baffa, ba ya ji, ya ce tsoro ne irin na tsofaffi. Ga shi, kai ka gaya masa.

DARRYL: Baffa, barka. Ba raini ba, amma ruwa ya shanye filin ƙwallo, saura layi biyu ya iso mu. Na liƙe kwalekwale, na liƙe tankin maƙwabci. Ba zan bar yankin lemon jiya ya hana ni aiki ba.

MERV: Ni ma ba na son a yarda da magana don tsoho ne ya faɗe ta. Yawancinmu shirme muke yi. Gwada da kanka. Ka kankaro ɗan ɓarɓashi daga bakin tsagar, cikin cokalin shayi ya isa. Ka kai can kan siminti, taku ashirin daga tirelar, ka sa masa wutar. Idan ya narke ya yi shiru, ka yi waldarka, ni kuma in nemi gafara.

DARRYL: Minti ɗaya na ba ka. Rae, riƙe wayar.

RAELENE: Ya tafi. Baffa, idan ba a liƙe ba yaya za mu yi? Hotunan Mama, takardun gida, maganin Darryl, komai yana ciki. Ba zan iya sake kwana a zauren makaranta da mutum ɗari ba. Ba zan iya ba.

MERV: Ba a ce ba gyara. Faci za a yi, ciki da waje, a huda a ɗaure da noti. Yana da injin huda?

RAELENE: Yana da uku. Ya durƙusa... ya kunna... Wayyo Allah! Darryl!

MERV: Me ya faru? Raelene!

RAELENE: Haske! Fari fat, kamar rana ta faɗo tsakar gida! Ya zauna daɓas a cikin laka. Ya tashi, ya tashi. Ga shi nan.

DARRYL: Baffa.

MERV: Na'am.

DARRYL: Girata ta dama ta tafi.

MERV: Cokali ɗaya ke nan. Tirelar ta kai cokali nawa a ganinka?

DARRYL: Notin nan da ka ce. Wane iri?

MERV: Samo fallen alminiyam biyu, ko allon alamar titi ne. Ka fara huda ƙaramin rami a ƙarshen tsagar, don kada ta ci gaba. Ka huda a hankali, kada ya yi zafi, ka share ɓarɓashin nesa da...

DARRYL: Ɗaga murya, wayar tana kukan batir! Rae, kwashe kujerun nan, ruwa ya shigo ta ƙofar baya! Tazara nawa tsakanin ramukan, Baffa?

MERV: Yatsa uku. Ka sa washa, ɗan zoben ƙarfen nan, a kowane noti. Kuma kada ka wuce gudun keke a hanya, ka ji? Darryl? Yatsa uku na ce. Alo? Raelene?... Nas! Nas, don Allah zo ki sake kira mini lambar nan, layin ya katse.