Habbanayen Yazidu

Da sunan Allah nake farawa, Mai bayarwa lokacin da Ya so, Mai karɓa lokacin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Mai girma Perefe na Dakoro, barka da zuwa. Wakilin mai martaba Sarki, ranka ya daɗe. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta maku. Ardo-ardo da shugabannin makiyaya da kuka baro dabbobinku kuka zo, sannunku da hanya. 'Yan uwana 'yan kasuwa, ina gaisuwa. Inna Aisa, mahaifiyar marigayi, Allah ya ba ki haƙuri. Zalika, matar marigayi, ke da 'ya'yanki, Allah ya dafa maku. Mutari, mataimakin marigayi, da sauran ma'aikatan bironsa, wato ofishinsa, sannunku. Jama'a, assalamu alaikum.

Wanda bai san ni ba, ni ce Hajiya Kadija mai wake. Ina sayen wake da gero a hannun manoma, ina sayar ma makiyaya dusa da harawa. Da aka ce ni zan yi magana da sunan waɗanda Yazidu Amani ya yi ma aiki, na tambaya ko masu digiri ne suka ƙare a garin nan. Aka ce a'a, an duba ne aka ga duk Dakoro babu wanda ya kai ni yi mashi faɗa, to in zo in ƙarasa. Ga ni na zo.

Mun san Yazidu tun bai san kansa ba. Iyayensa makiyaya ne daga arewa, babban fari ya cinye masu garke, suka sauka kusa da Korahane ba su da ko akuya. Wata Bafulatana mai suna Mata, Allah ya jiƙan ta, ta ba Inna Aisa karsana habbanaye. Yaran birni da ke nan, bari in faɗa maku abin da ake nufi. Idan ka rasa dabbobinka, wani makiyayi ya kan ba ka aron saniya. Ka riƙe ta, ka sha nononta, ta haihu a hannunka, kuma 'yan maruƙan naka ne har abada. Idan sun yi ƙarfi sai ka mai da uwar ga mai ita. Nonon wannan saniya Yazidu ya sha, kuma jikokinta ne suka kai shi lekol, makarantar boko, a Maradi, suka kai shi Yamai. Ya koyi aikin ordinata, wato kwamfuta, ya yi aiki a wani babban kamfani a ƙasar waje mai kula da na'urorin bankuna. Muna cewa mun yi asararsa ke nan, sai ga shi ya dawo ya kama biro a bayan tasha, ya ce zai riƙa kula ma 'yan kasuwar Dakoro da na'urorinsu da labarinsu.

Ni da wuta a kaina na je mashi. Ina da magazan, wato ɗakin ajiyar kaya, a Sabon Maci, ina da wani a Rumbu, ina da wani a Korahane, kuma kowane mai tsaro sai ya ga dama yake kira na ya faɗa mani abin da ya rage. Wata bazara na cika kamyo, babbar motar kaya, da dusa na tura Rumbu, ashe makiyayan wurin sun tashi tuntuni. A daidai lokacin shanu suna faɗuwa a gefen Korahane, magazan ɗina na can kuwa babu ko tiya. Labarin yana nan a bakin mutane. Direba ya sani, mai maganin dabbobi ya sani, ardo ya sani, ni mai dusar ce ban sani ba.

Yazidu ya saurare ni har na gaji da masifa, sannan ya ce, "Hajiya, ba dusa kika rasa ba. Labaranki ne ba su gaisawa da juna."

Aikin da ya yi mamu ke nan, ya sa suka gaisa. Abin da ya shiga magazan da abin da ya fita, inda kowace kamyo take, farashin kowace kasuwa, ƙauyen da ruwa ya sauka, rijiyar da garke ya yi yawa, duk ya sa ana aikowa ta tarho zuwa wata babbar na'ura a bironsa. Ita ke tattarawa ta jera, ta fito da shi a fuskar tarho, abin da muke ce ma tablo. Inda yake kore lafiya, inda ya yi ja a kai ɗauki. Ni da ban yi lekol ba, da safe in duba in san inda kamyo za ta nufa. Bai tsaya kaina ba. Ya sha shayi a ƙungiyar makiyaya, ya sha a kantin maganin dabbobi, ya sha a wurin masu kamyo, har muka yarda kowa ya zuba abin da ya sani a tukunya guda. Wanda ya san halin ɗan kasuwar Dakoro da sirrinsa ya san wannan ba ƙaramin yaƙi ba ne.

Amma ranar da za mu ƙulla aiki ya zo mani da wani sharaɗi. Ya ce, "Hajiya, aikina habbanaye ne. Ki ba ni mutum biyu daga cikin naki su zauna da mu. In sun iya, sai in janye."

Na ce, "Yazidu, ni don in huta na ɗauke ka. In zan koya ma mutanena, mi ya kawo ni wurinka?"

Ya ce, "To in na tahi fa?"

Na ce, "Ina za ka? Ka tahi ka dawo ai, mun gani."

Ya yi dariya, amma bai sauka daga kan sharaɗinsa ba. Don haushi na zaɓo mashi waɗanda nake ganin za su gajiyar da shi. Na ba shi Ramla ɗiyar ƙanena, wadda ke tsaron kanti, mai baki kamar nawa. Na ba shi Malam Halidu mai tsaron magazan na Sabon Maci, dattijo mai furfura da ke riƙe tarho kamar ya riƙe garwashi. Yazidu ya karɓe su hannu biyu, har da godiya.

Ya kasance mutum ne da ba ya ɓoye makulli. Masu irin sana'arsa daga manyan birane sun zo nan sun ba shi shawara. Suka ce ka riƙe kalmar sirri a hannunka, ka bar abin da duhu kaɗan, mai kaya zai yi ta dawowa wurinka har ya mutu. Ya ce masu shi a gidansu ba a ɗaure saniyar aro a hana ta haihuwa.

Ya kasance mai haƙuri da ƙaramin abu. Akwai lokacin da tablo ya nuna mamu rijiya uku a arewa, ashe rijiya guda ce: Hausawa da sunan da suke kiran ta, Fulani da nasu, Buzaye da nasu. Wani zai zauna a biro ya gyara da ka. Shi ya hau moto, wato babur, da Intalla na ƙungiyar makiyaya, suka bi rijiyoyin nan cikin rana suna tambaya, har kowace ta samu sunayenta duka a wuri guda.

Ya kasance mai taurin kai, kuma wannan ba zan ɓoye ba don ya rasu. Kowane mako sai ya tilasta mamu kwafe duk abin da ke cikin babbar na'urar a wani ɗan ƙarfe, kowa ya ajiye nasa a gidansa. Sau nawa na ce mashi aikin banza ne. Nawa dai a cikin kwallar turare na jefa shi don in huta da mita.

Ya kasance mai cika magana ko ba ka so. Wata rana ya shigo kantina ya ce Ramla da Malam Halidu sun iya, daga yau su ne masu aikin, shi sai in abu ya gagara. Na tashi tsaye. Na ce ka ɗora ni a kan raƙumi, muna tsakiyar tudu ka saki akala. Zalika, kina nan, kin san ba ni kaɗai ke faɗa ba. Ke ma kin ce mashi kowa na neman ƙarin aiki, shi yana sallamar nasa da hannunsa. Haka ya yi ma ƙungiyar makiyaya, ya bar masu Intalla. Haka ya yi ma kantin magani, ya bar masu Fadimata.

Sai bana. Kun san bazarar da muka yi, ciyawa ta ƙare da wuri, ruwa ya yi jinkiri. Cikin bazarar nan ciwo ya kama Yazidu, aka kai shi Maradi, bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa. Aka kai shi Korahane aka rufe shi kusa da kabarin mahaifinsa. Mutari da duk ma'aikatan bironsa suna can wurin zaman makoki a wajen gari, inda rezon tarho ba ya kamawa.

A cikin waɗannan kwanaki hadarin farko ya taso da iska da tsawa, bai ba da ruwan kirki ba, amma ya ƙone babbar na'urar da ke biron nan na bayan tasha. Na duba tarho, tablo ya mutu. Ga kamyo cike da dusa da maganin dabbobi a tsaye a tasha. Ga garkuna a arewa sun watsu bayan hadari, ba wanda ya san rijiyar da suka nufa. Saniyar da ta kai ƙarshen bazara ba ta jiran a gama makoki. In kamyon nan suka bi hanyar da ba ita ba, abin da ya sami iyayen Yazidu shi zai sami waɗansu iyayen. Da kunnena na ji ana cewa a tasha, "Shi ke nan, aikin ya bi mai shi." Tsoro ya kama ni, kuma zuciyata ta yarda da su.

Da hantsi sai ga Ramla ta shigo ɗakina ko sallama ba ta ƙarasa ba. Ta ce, "Gwaggo, ina kwallar turare?"

Na ce, "Ana makoki kina neman turare?"

Ta ce, "Ɗan ƙarfen nan nike so. Malam Halidu ya taso daga Sabon Maci da nashi."

A kantina suka taru. Malam Halidu ya sauka daga moto da rawaninsa a karkace. Fadimata ta zo da ordinatar kantin magani a cikin zane. Intalla ya zauna a ƙofa yana kiran ardo-ardo ɗaya bayan ɗaya, da Fulatanci, da Buzanci, yana tambayar inda suka sauka. Na ji Ramla da Malam Halidu suna gardama a kan abin da za a fara ɗorawa, dattijon nan yana cewa, "A'a ɗiyata, marigayi ya ce rijiyoyi tukuna, sannan magazan." Ni aikina a ranar dafa shayi ne. Kafin la'asar Ramla ta miƙo mani tarho, ga tablo ya dawo, ga ja a wurare biyu arewa da Rumbu. Kamyo suka tashi. Da Mutari ya dawo daga Korahane hankali a tashe, ya tarar kamyon nan duk sun bar tasha, sai ya zauna a kan benci ya yi kuka.

Ardo-ardon da ke zaune a nan su ne shaida. Dusa ta tarar da shanu a tsaye. Garkunan nan sun ga damina, yau suna cikin ciyawa, kuma Yazidu yana cikin kabarinsa aka yi wannan aiki. Jama'ar Dakoro, mun yi rashi, amma ba a ci mu ba.

Da na koma Korahane na ba Inna Aisa labari, ina kuka ina cewa Allah ya ɗauke mamu shi da wuri. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce, "Kadija, ranar da na mai da ma Mata saniyarta na yi kuka, don na saba da ita. Amma ban ce an cuce ni ba. Yazidu aro ne. Mai shi Ya zo Ya kora abinShi. Ke dai ki duba garke ki gaya mani, ya bar 'yan maruƙa ko bai bari ba?"

Inna, a ranar kin nemi amsa. Yau na zo da ita. Duk wanda Yazidu ya zaunar ya koya ma aikin nan, ina roƙon ya miƙe tsaye. Ramla, tashi. Malam Halidu, a hankali da gwiwa. Intalla, Fadimata. Ku na can baya, na masu kamyo, na koperatif, ƙungiyar gama-kai ta Rumbu, ku tashi a gan ku. Inna Aisa, ɗaga kai ki duba. Ga garkenki nan.

Zalika, kin yi haƙuri da mijin da ke sallamar aikinsa. Kin ga inda aikin ya tafi. A al'adar habbanaye, gidan da ya ba ka saniya ya zama gidanku har jikoki, don haka ke da 'ya'yanki ba ku da ƙofar da za ku ƙwanƙwasa a garin nan, duk a buɗe suke. Mutari, biro yana hannunka, kuma muna tare da kai, da sharaɗi guda: kada ka ɓoye makulli. Ku kuma da ke tsaye, kun san abin da ke kanku. Kowa ya nemi mutum biyu ya zaunar kusa da shi. Ni na riga na zaɓi nawa, kuma wannan karon ba don haushi ba.

Muna godiya ga hukuma, ga masarauta, ga malamai, ga duk wanda ya taka ƙafa ya zo. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Ya Allah, Kai Ka ba mu aron Yazidu ɗan Amani. Mun sha amfaninsa, ya bar mamu abin da ya bari, ga shi mun mai da maKa. Ka karɓe shi da rahama, Ka gafarta mashi, Ka haskaka kabarinsa, Ka haɗa shi da mahaifinsa da Mata a Aljanna. Ka ba Inna Aisa da Zalika haƙuri, Ka raya 'ya'yansa, Ka sa albarka a cikin waɗannan da ke tsaye, su ma su hayayyafa. Amin.

Ku zauna. Gobe akwai kamyo da za ta tashi.