Ruwan da Ba Shi da Mai Shi

A ɗakin jira na hukumar ruwa, inda na kai kukan famfonmu, wata tsohuwa ta dubi wani tela da wandonsa ya jiƙe har gwiwa.

"Ɗan nan, kogi ka ƙetaro?"

"Daga ɗakina nake, Inna. Bututu ya fashe a ƙarƙashin gidan, yau kwana tara. Yarana uku a kan teburin yankan yadi suke kwana, bango kuma ya fara tsagewa."

"Subhanallahi! Ba ka faɗa musu ba?"

"Sun ce a sabuwar dokar jiha, ruwa in ya bar bututu ya zama ambaliya, in tafi ofishin ambaliya. Can kuma wani ya shinshina kwalbar ruwan da na kai, ya ce wannan da magani a ciki, su nasu daga sama yake zuwa."

"Mai kyau ne ke nan?"

"Garau! Ko allura ta faɗi ana ganinta."

"Wane layi kake?"

"Bayan makarantar firamare."

Ta tafa hannu. "Layinmu ke nan! Kwana tara famfona ko ɗigo! Ashe ruwana ka tare a ɗakinka!"

"Na tare? To zo ki kwashe kayanki!"

"Ba za a kama ni ba? An ce doka ta hana taɓa ruwan hukuma."

"Wace hukuma? Duk biyun sun rubuta ba nasu ba ne. Ga hatimi."

Ta dubi takardun, ta miƙe tana gyara mayafi.

"Tashi mu je. Amma don Allah kar ka bari su gyara sai na gama wanki."